Ɓarawon Jini Mai Sayen Ƙanƙara

"Jini kika ce, Dakta? Ba magani ba?"

"Jini, Sufeto. Na kusan duk ma'aikatan nan, a 'yan kwalabe, cikin jar kula."

Sufeto Ashafa ya cire hularsa ya sosa ƙeya. Ya kama ɓarayin fata, ya kama na keke, har da wanda ya saci rago ranar suna, amma bai taɓa gamuwa da ɓarawon jini ba.

Dakta Zuwaira matashiyar likita ce mai bincike a kan ciwon hanta, wanda ke sa ido ya yi rawaya, mutane su ce shawara. A daminar 1983 ciwon ya kwantar da ma'aikata da dama a wannan masana'antar jima ta Challawa. Sai da ta sha lallashi kafin suka yarda ta ɗebi jininsu, kuma yau da yamma ya kamata ta kai shi ɗakin gwaji a Zariya.

"Jiya Juma'a da hantsi na bar kular a nan ɗakin shan magani," in ji ta. "In ƙanƙarar ta narke, jinin ya lalace. Kuma ba mai sake miƙo mini hannu. Cewa za su yi sayarwa na yi."

Sufeto ya zagaya ɗan ɗakin shan maganin. Ga agogo a bango, ga rediyo a kan tebur, ba a taɓa su ba. Ya buɗe firiji, ya ga an kwashe ƙanƙarar ciki kaf.

"Ɓarawon naki ɗalibi ne mai hankali," ya ce yana murmushi. "Wa kika gaya wa jini yana son sanyi?"

"Duk wanda ya tambaya."

"Wa ya fi ƙin aikin nan?"

"Ɗan'auta wanzami. Kullum cewa yake na zo ƙwace masa sana'a."

Sun tarar da Ɗan'auta a gindin dalbejiya kusa da get, yana jera ƙahonninsa a kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, ni da ɗakin can? Ko inuwarsa ban taɓa takawa ba. Ni in na ɗebi jini binnewa nake, ban saka shi a kwalba kamar manja."

"Ɗaga hannun rigarka."

"Na'am?"

"Na hagu."

Ga filasta da auduga manne a lanƙwasar gwiwar hannunsa. Kofur Lawan, wanda ke rako Sufeto, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Don Allah a rufa mini asiri," Ɗan'auta ya yi ƙasa da murya. "Matata ce ta ce idona ya canza. Na lallaɓa aka ɗiba. To ni da nake jiran in ji sakamako, zan sace? Ku tambayi Idi mai gadi. Tun jiya yake cin farin goro, shi da ko ɓarin ja sai ya roƙa."

Idi mai gadi ya ƙame ya sara.

"Ba wanda ya fita da kaya, yallaɓai. Ko allura sai na caje."

"Goron nan fa?"

"Saya na yi."

"Manya haka, farare, irin na rabon biki?"

Idi ya haɗiye abin da ke bakinsa da ƙyar.

"Uwaisu ne, heluman sashen wanke fata. Ana shirin tafiya masallaci ya fito da buhu a bayan keke, ya ce goron ɗaurin aurensa ne, ya ɗebo mini. Yallaɓai, wa ke caje kayan ango? Ai sai a yi da ni a gari."

"Buhun yana ɗigar ruwa?"

"Goro ai da yayyafi ake ajiye shi."

Sufeto ya aiki Kofur Lawan zuwa Sharada, wurin masu sayar da ƙanƙara. Kafin azahar ya dawo a kan babur yana washe baki.

"Yallaɓai, an san shi. Jiya da la'asar ya saya, yau da sassafe ya koma. Wai zoɓon biki za a sanyaya, bikin kuma sai mako mai zuwa."

Suka kira Dakta Zuwaira, ta bi su a motarta zuwa gidan Uwaisu, a ƙauyen da ke bayan masana'antar.

Uwaisu dogon saurayi ne, hannayensa sun rine da ruwan jima. Ɗakinsa na ƙamshin sabon fenti da turare. Akwatunan lefe na jere a jikin bango, an lulluɓe su da atamfa.

"Ango, ina kula?"

"Wace kula, ranka ya daɗe?"

"Lefenka yana zufa."

Duk suka dubi ƙasa. Siririn ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin atamfar har bakin ƙofa.

Dakta Zuwaira ba ta jira izini ba. Ta yaye atamfar, ga jar kula an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ta buɗe, ta tura hannu ciki, ta taɓa kwalaben. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zubo mata a lokaci guda.

"Sanyi ƙalau. Wallahi ko ni ban kula da su haka ba."

Uwaisu ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Nawa kawai na so in cire, Dakta. Na ɗauka zan ga sunana. Da na buɗe sai na ga lambobi, ba suna ko ɗaya. Na ji motsi, na sungumi duka."

"Don kada wani ya san ciwon wani muke sa lamba," in ji ta.

"Me ya hana ka zubar?" Sufeto ya tambaya.

"Jinin mutane? Akwai na Malam Tijjani a ciki, yana kwance, iyalinsa na jiran a gaya musu abin da ke damunsa."

"To me kake tsoro a naka?"

Uwaisu ya dubi akwatunan lefen.

"Yayana da wannan ciwon ya rasu. Kuma na ji Dakta ta ce miji kan iya sa wa matarsa. Mairama ce, ranka ya daɗe. Tana naɗe alawa a wani kamfani a Bompai. In ta yi dariya har masu inji sai sun waiwayo. Na ce in aka ga abin a jinina, shi ke nan na rasa ta."

Dakta Zuwaira ta rufe kular, ta tsuguna a gabansa.

"Ban san abin da ke jininka ba, kai ma ba ka sani ba. Mai yiwuwa babu komai. In ma akwai, da sani ake kare ta, kuma an fara samun allurar rigakafi. Zan nema mata da kaina. Amma ka ɓoye, ka sa mata, wannan son ne?"

Uwaisu ya girgiza kai, ya goge ido da bayan hannu.

Dakta ta rungumi kularta ta nufi mota kamar mai ɗauke da jariri. Daga bakin zaure ta waiwayo. "Sufeto, a yi masa sassauci. Ni na yafe."

"Yafewarki daban, jawabi a ofis daban. Tashi, ango. Lawan, bar ankwar nan a aljihu."

Suna fita Uwaisu ya tsaya a jikin Landirobar 'yan sanda, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma. Kafin ta ji a bakin mutane, ina so ta ji a bakina. Duka, har da yayana."

Sufeto Ashafa ya dube shi sama da ƙasa, ya mayar da hularsa.

"Lawan, ta Bompai za mu bi. Ka tsaya a ƙofar kamfanin alawa, ka shiga ka ce ana sallama da Mairama. Sai ango ya gama magana da ita sannan ya zo gare ni."