Haihuwa a Katin Turai

Ranar da aka shafa jan fenti a bangon gidansu na unguwar Nuzla a Jidda, Bara'atu ta dawo daga aiki ta tarar da mahaifiyarta, Rahama, zaune a tsakar gida tana naɗe tukwane cikin tsofaffin zannuwa. Rahama ba ta iya karatu ba, amma ba ta nemi mai karanta mata abin da aka rubuta ba. Tun safe take jin ƙarar motocin rusau daga layin baya.

"Sannu da gida, Umma."

"Yawwa, zo ki kama mini. Baban Badr ya ce mu haɗa kayanmu da nasu. Gida ɗaya za mu koma."

Gida ɗaya da Badr. Da wata budurwar ce ta ji haka, da ta shige ɗaki ta yi rawa a ɓoye. Bara'atu kuwa gabanta ne ya faɗi, ta tsaya riƙe da makullin mota kamar an dasa ta.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane dalili. Rahama da mijinta Ismail sun zo aikin Hajji ne daga Haɗeja, suka yi zamansu, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya musu. Ismail ya riƙa yin dako a tashar jiragen ruwa a ƙarƙashin maƙwabcinsu Abdulghaffar, wanda kakansa ne ya taho da ƙafa ta Sudan. Shi cikakken ɗan ƙasa ne, Hausarsa ma rabinta Larabci. Ismail ya rasu Rahama na da tsohon ciki. Naƙuda ta zo da gardama, ungozomar unguwa ta ce abin ya fi ƙarfinta, ga shi babu takardar zuwa asibiti. Abdulghaffar ya karɓi katin shaidar matarsa Turai, aka rufa wa Rahama niƙabi, aka kai ta da sunan Turai. Ta sauka lafiya, aka rubuta jaririya 'yar Abdulghaffar da Turai. A Nuzla ba wanda ya kira wannan laifi. Taimako ne, kuma Allah ya sani an ceci rai biyu.

Sunan aron nan ya yi wa yarinyar rana. Da shi ta yi makaranta. Da ƙasar ta fara sauyawa, aka bar mata su yi tuƙi, masana'antu suka buɗe musu ƙofa, da shi ta sami aiki a wani kamfanin magani a kudancin gari, tana kula da injin da ke rufe kwalaye. Rahama, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana laɓewa in ta hango motar 'yan sanda, takan leƙa ta taga don kawai ta ga 'yarta ta tayar da mota.

Badr kuwa babban ɗan Abdulghaffar ne, mai gyaran injinan ɗaga kaya a tasha. Mutum ne mara yawan magana, sai dai duk Juma'a yakan gano cewa famfon gidan Rahama na buƙatar gyara. Duk Nuzla ta san famfon nan lafiyarsa ƙalau. Ta kuma san Turai ba ta taɓa shayar da Bara'atu ba, don haka a addini babu abin da ya hana. Tsofaffin unguwa har tsokanarsu suke yi, suna tambayar yaushe za a ci shinkafa.

Amma sauyin da ya ba ta aiki da mota ya zo da nasa. Yanzu komai a waya yake, komai da zanen yatsa. Mai ɗaura aure na hukuma in ya buɗe na'urarsa, abin da zai gani shi ne wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Unguwar da ta san gaskiya kuma ga ta ana kwashe ta a motocin yashi, maƙwabta sun watse, kowa ya kama gabansa.

Sabon gidan a hawa na sama yake, a arewacin gari, cikin mutanen da ba su san su ba. Tun ranar farko Turai ta shimfiɗa doka, ba don mugunta ba, don tsoro. A gaban maƙwabta Bara'atu za ta kira ta Ummi. Rahama kuwa 'yar aiki ce. Badr ya kwashe kayansa ya koma wurin abokinsa a unguwar Ruwais, don ya ce ba zai kwana rufi ɗaya da wadda yake nema ba. Haka Bara'atu ta riƙa zama a falo da baƙi, mahaifiyarta na shigowa da tiren shayi kanta a ƙasa. Wata rana maƙwabciyarsu Ghada ta ja ta gefe, ta nuna mata hoton 'yarta a waya, ta roƙe ta ta yaba wa yayanta yarinyar. Bara'atu ta ce to, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Badr ya kawo shawarar a nemo tsohon limamin Nuzla ya ɗaura musu a ɓoye, da shaidun da suka san asalinta. Ta ji daɗin cewa yana sonta har haka, amma ta tambaye shi abu ɗaya.

"In na haihu fa, Badr? Katin wa za mu aro?"

Sai ya je wurin lauya, ya dawo fuskarsa a ɗaure, ya tara matan gidan a kicin lokacin da mahaifinsa ya tafi masallaci. Hanya ɗaya ce, a faɗi gaskiya. In an faɗa, Bara'atu ta rasa zama 'yar ƙasa, ta rasa aiki, a mayar da ita Nijeriya ita da mahaifiyarta. Abdulghaffar kuma, da ciwon sukarinsa da ciwon zuciyarsa, gidan yari.

Turai ta ɗora hannu a ka. Ta ce yanzu sakayyar da za a yi wa mutumin ke nan, shi da ya ɗauki uwa da 'ya kamar jininsa? Rahama ta durƙusa tana ba ta haƙuri kamar ita ta yi laifin. Da kukan ya lafa, Turai ta share fuska, ta yi magana a hankali ba ta kallon kowa.

"Ku yi haƙuri ku jira. Likita ya gaya mini zuciyar ta gaji. Ranar da ba ya nan, ba wanda za a ɗaure. Sai ku faɗi abin da za ku faɗa."

Ba wanda ya ce na'am, ba kuma wanda ya ce a'a. Shirun nan shi ya zama hukuncin gidan.

Abin takaicin, Bara'atu ce ke kula da shi. Ita ke kai shi asibiti a motarta, ita ke yi masa allurar sukari kafin ta fita aiki, shi kuma yana tsokanarta wai hannunta ya fi na likitoci sanyi. Watanni suka shuɗe a haka. Wata safiya tana zuƙo maganin, tari ya sarƙe shi, ya dafe ƙirji, idanunsa suka yi ja. Kafin ta miƙa masa ruwa, wani tunani ya gilma mata: ko yau ce? Tarin ya lafa, ya yi mata murmushi ya miƙo hannu. Ita kuwa sai ta ji ta tsani kanta irin tsanar da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

A ranar ta kira Badr daga wurin aiki ta ce masa halas, magana ta ƙare, ya nemi wata. Ta ce ba za ta iya auren da sai an yi jana'iza kafin a ɗaura shi ba. Ya roƙe ta, ta kashe wayar. Daga nan ta daina cin abincin kirki, ta daina haɗa ido da tsohon, ta ce Turai ta koyi yin allurar.

Abdulghaffar ya tsufa amma bai makance ba. Ya tsare Rahama da tambaya, ita kuma ba ta taɓa iya yi masa ƙarya ba. Kwana kaɗan bayan haka ya saka farar rigarsa ta Juma'a, ya ce Bara'atu ta kai shi asibiti. Suna isa mahaɗar hanya ya ce ta bi dama. Ta ce asibiti ai hagu ne. Ya faɗi sunan ofishin da yake son zuwa. Ta gangara gefen titi ta kashe mota.

"Baba, don Allah mu koma gida."

"Ya binti, 'yata, gidan da kowa ke sauraron numfashina? Turai na ba ni abinci tana kuka. Ɗana ba ya iya zama kusa da ni. Ke kin gudu. Wallahi gidan yarin ya fi mini sauƙi." Ya numfasa. "Ban yi nadamar kai uwarki asibiti ba, ko yau aka dawo zan sake. Amma na ɗaure ki da igiyar da na cece ki da ita, ni ya kamata in kwance. Sai dai ba ni kaɗai zan biya ba. Aikinki, motar nan, garin da aka haife ki, duk za su tafi. In kin ce a'a, juya mu koma, ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ta daɗe tana kallon titi. Ta tuna injinta, da 'yan matan da suke cin abincin rana tare, da ƙasar da za a kai ta wadda ba ta taɓa gani ba sai a bakin Umma. Tsoro ya cika ta. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta tayar da mota, ta bi dama.

Abin da lauya ya faɗa duk ya faru. An tsare Abdulghaffar, ko da yake an sassauta masa saboda tsufa da kuma kawo kansa da ya yi. Bara'atu da Rahama suka sauka a Haɗeja, inda yaran dangi ke dariyar Hausarta, ita kuma take kwana da kewar warin teku. A can ta yi fasfo da sunan mahaifinta Ismail. Badr ya shiga neman izinin auren baƙuwa, ofis ya tura shi ofis, shekara ta bi shekara. Turai ta kawo masa 'yan mata har ta gaji, ta dawo tana taya shi addu'a.

Da izinin ya fito, Bara'atu ta dawo Jidda a matsayin baƙuwa, ba aiki, ba mota, mijin da za ta aura shi ne kafilinta. Rahama ba ta da damar dawowa, a waya ta kalli ɗaurin auren, tana ta gyara ɗankwali tana kuka. Kada wanda ya ce muku haƙuri na mayar wa mutum duk abin da ya rasa. Ba ya mayarwa. Kuma duk mai niyyar rufa wa jariri asiri da sunan da ba nasa ba, ya tuna jaririn zai girma, zai so wani, ranar nan kuma tausayin jiya ba zai fitar da shi ba sai gaskiya, da tsadarta.

An turo Abdulghaffar falon ɗaurin auren a keken guragu, ya rame, ganinsa ya ragu. Bara'atu ta durƙusa a gabansa, ya lalubo kanta ya dafa, ya daɗe yana sa mata albarka da Hausarsa mai rabin Larabci. Tari ya taso masa a tsakiyar addu'ar. Duk ɗakin aka zabura neman ruwa, ita ce ta riga kowa, kuma a wannan karon ba abin da ke zuciyarta sai Allah ya ƙara masa kwana.