Sau Ɗaya Ta Danna

Ana dab da magariba Injiniya ya leƙo teburina ya ce in ɗauko jakata, za mu je asibitin nan da kamfaninmu ya rubuta wa manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Wai wata 'yar tagar saƙo ce ke buɗe kanta a allon kwamfutar ɗakin fayil, har ma'aikata sun fara tsorata. Ya yi dariya yana karkaɗa makullin mota. Ni ban yi ba. Wata takwas ina aiki a ƙarƙashinsa, ina jiran ranar da zan taka ɗakin nan, shi kuwa bai san ko ni ƙanen wace ce ba.

Yayata ce ke zama a ɗakin a da. Shekara tara tana shigar da bayanai, mace mai tsantseni har ya yi yawa, irin wadda za ta kulle ƙofa ta yi taku uku ta dawo ta sake murɗawa. Wata rana ta goge fayil guda da aka shigar sau biyu, sai fayil arba'in da uku suka ɓace, har da na wani dattijo da aka kusa ɗirka wa maganin da jikinsa ba ya ɗauka. Aka kira Injiniya. Ya buɗe rajistar da manhaja ke rubuta duk abin da aka danna, ya juya allon ga shugaban asibiti a gaban kowa, ya ce ga shi nan, sau arba'in da uku ta danna. Yaya ta yi ta rantsuwa har muryarta ta dishe cewa sau ɗaya ne. Aka sallame ta da takardar sakaci. Daga nan hawan jini ya kama ta, ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Abin da nake so a duniya shi ne a wanke sunanta, in kuma ga idon mutumin nan ya raina fata.

Ɗakin fayil yana can ƙarshen baranda, ƙarƙashin bene. Muka tarar da mai shara tana matse tsumma nesa da ƙofar. Ta miƙa wa Injiniya makulli da tsinin yatsu, ta ce ita dai ba ta shiga bayan la'asar.

"Baiwar Allahn da ke zama a nan, kullum sai ta yi sallama kafin ta shiga, ko ba kowa a ciki," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Yallaɓai, ana amsa mata."

"To yau a amsa mini," in ji Injiniya. Ya tura ƙofar da ƙafa.

Ciki warin tsohuwar takarda ne da na maganin goge ƙasa. Fanka na juyawa da ƙyar tana ƙiiƙ, ƙiiƙ. Hasken yamma na shigowa ja ta wata 'yar kafa kusa da rufi. Kujerar Yaya na nan, har da matashin da Umma ta ɗinka mata saboda ciwon baya. Na zauna a kai.

Na buɗe layukan manhajar na nemi tagar. Taga ce da Injiniya ya ƙera da kansa, domin a cewarsa wadda kwamfuta ke zuwa da ita ba ta da kyan gani. Tana nuna sunan mai fayil, ta tambaya ko ka tabbata, da maɓalli biyu a ƙasa: Goge da Fasa. Ko minti goma ban yi ba na ga ɓarnar. Ƙa'ida ita ce a ɗaura wa maɓalli umarninsa sau ɗaya tak, lokacin da aka ƙera tagar. Shi gwanin namu sai ya sa ana ɗaura sabon umarni duk sanda taga ta buɗe, ba a kwance na baya ba. Ka buɗe sau biyar ka fasa, a na shida dannawa ɗaya ta tayar da umarni shida, kowanne ya haɗiye fayil na gaba, rajista kuma ta rubuta cewa sau shida ka danna.

Sauran ma'aikata na kashe manhajar duk sanda za su fita shan iska, komai ya wanke. Yaya ba ta barin kujera. Ta buɗe, ta sake duba suna, ta ji ba ta gamsu ba, ta fasa. Sau arba'in da biyu ta yi haka cikin kwanaki. Taka-tsantsan ɗinta ne ya cinye ta.

"Yallaɓai," na ce, ina danne muryata, "umarni ke taruwa a maɓallin nan."

Bai ko matso ya duba ba. Ya ce, "Na sani. Gyara shi. In ka gama ka goge rajistar bara, tana cin wuri."

Na sani! Haka ya faɗa, kamar mai cewa an ɗauke ruwa. Rajistar nan ita kaɗai ce shaidata, domin tana nuna gogewa arba'in da uku a daƙiƙa guda, abin da yatsan ɗan Adam ba zai iya ba. Na ce sai na kwafa tukuna. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya zauna da kansa. Wayonsa bai bar shi ba: sai da ya kashe manhajar ya sake kunnawa, don kada tarkonsa ya kama shi.

Jan hasken da ke kafar ya mutu. Fanka ta tsaya, ba a ɗauke wuta ba.

Sai ƙamshin man shafawar Yaya, mai lemun tsami, ya cika ɗakin. Na san matacce ba ya dawowa, kuma na yarda da haka. Amma ɗaki yana da masu shi, kuma shekara tara tana gaishe su.

Tagar ta buɗe kafin ya taɓa komai.

"Ka gani ko? Shirme," in ji shi. Muryarsa ta sirance.

Ya dafa linzamin kwamfutar, ya kai kibiyar allo kan Goge. Ya danna sau ɗaya, ya ɗaga yatsa.

Yatsan ya koma.

Ƙyas.

Ya ɗaga, ya sake komawa. A bayan hannunsa fata ta lotsa wuri huɗu, kamar an dafa shi da yatsu. Ya fizge, hannun ya ƙi barin linzamin. Rajistar na nan a allo, ko layi ɗaya bai gogu ba.

"Malam," ya raɗa. "Zare wayar."

Soket ɗin na kusa da gwiwata. Sunkuyawa kawai zan yi.

Na harɗe hannuwana na fara ƙirga.

Bakwai. Takwas. Kowace dannawa ta fi ta baya nauyi. A sha biyar robar linzamin ta tsage. A ashirin farcensa ya ɗaye, ƙarnin jini ya gauraya da lemun tsami. Ya buɗe baki zai yi ihu, iska kawai ta fito.

"Don Allah," ya ce.

"Ita ma ta ce don Allah," na ce masa. "Ni ƙanenta ne."

Ya juyo da jajayen idanu. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

A talatin da ɗaya na ji ƙashi ya ce ƙas. Ba a tsaya ba.

Arba'in da biyu.

Arba'in da uku.

Ya sulale daga kujera ya zube. Ɗakin ya yi tsit, sai numfashi. Nawa, nasa, da wani a bayan kunnena.

Tagar ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Kai kuma fa, Auta?"

Raɗa ce, da muryarta. Ba mai kirana haka sai ita da Umma. Na kuwa san abin da ake tambaya. Ranar da aka kore ta, ni ta samu a ɗaki tana kuka, ta ce tunda na karanci abin in je in duba mata. Ina kwance ina latsa waya na ce, "Yaya, kwamfuta ba ta ƙarya. Wataƙila hannunki ne ya yi rawa." Ba ta sake tayar mini da zancen ba har ta koma ga Allah.

Wani abu mai sanyi ya kama wuyan hannuna na dama.

Na zare wayar da hagu. Allon bai mutu ba.

Aka ja ni. Tafina ya sauka kan linzamin, cikin jinin Injiniya mai ɗumi. Yatsu huɗu suka dafa bayan hannuna.

Yatsana ya fara sauka.

"Sau ɗaya ta danna!" na yi ihu. "Na gani da idona! Ni ma na zalunce ta!"

Nauyin ya tsaya. Bai tafi ba, bai ƙaru ba. Na ji ana shinshina wuyana a hankali.

Sai aka sake ni.

Na cafki kwalar Injiniya na ja shi a ƙasa har baranda. Ba tausayi ba ne, bakinsa nake bukata da rai. Ƙofar ta rufe kanta a bayanmu, fanka ta ci gaba da ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Kwana uku bayan haka, hannunsa a naɗe, Injiniya ya tsaya gaban shugaban asibiti da ma'aikatan da suka ga korar Yaya, ya faɗi komai, ba wanda ya matsa masa. Likitoci ba su iya ceto yatsan ba. Ni na gyara tagar, da rana tsaka, ƙofa a buɗe, bayan na yi sallama: umarni ɗaya ga kowane maɓalli, a kashe maɓallin da zarar an danna har aiki ya kammala, a kwance komai in taga ta rufe. Layi shida ne duka gyaran. Tun daga ranar ba ta sake buɗe kanta ba.

Asibitin ya rubuto takarda mai hatimi cewa marigayiya ba ta yi sakaci ba. Na kai wa Umma, ta ce in karanta mata, in kuma maimaita. Ta karɓa ta shafa hatimin da babban yatsa.

"Su ne dai ba su sani ba," ta ce. "Mu a gidan nan ai ba wanda ya taɓa shakkarta ko na minti ɗaya. Ko ba haka ba, Auta?"

Ta ɗago tana jiran amsata.