Ranar da Jaki Ya Harbi Mai Jinyarsa

A can wani ƙauye, an yi wata yarinya mai son jinyar dabbobi. Wata rana jakin kakanta ya taka ƙaya, ƙafar baya ta kumbura har ya kasa motsa ta. Kakan ya ce a kai shi daji a bari.

Ta ce, "Kaka, bar mini shi."

Ta cire ƙayar, ta wanke da ruwan gishiri, ta ɗaure. Kullum ta wanke, ta ɗaure.

Ran nan tana warware tsumman, sai jakin ya harbe ta, ta faɗi tim!

Kakan ya ɗauko sanda. "Butulu!"

Ta miƙe tana dariya. "Ajiye sandar nan, Kaka. Ba ka ga da wace ƙafa ya harbe ni ba?"