Yadda Ake Tsintar Albasa

Muzzammil ya ce kaf Gwandu ba wanda ya san sirrin jarrabawar lasisin aikin jinya kamarsa. A zauren Malam Siddiƙu ya faɗa, da abin sauraren ƙirji rataye a wuyansa, ko da yake ba marar lafiya a wurin.

Sirrin kuwa na tambayoyin nan ne da ake jero amsa biyar ko shida, a ce zaɓi duk waɗanda suka dace, in ka kuskure ɗaya makin ya tafi gaba ɗaya.

"Uku ake zaɓa, Baba, kullum uku. Sannan a bi wadda ta fi tsawo."

Malam ya gyaɗa kai. Ɗan ƙanwarsa ne, kuma yana da farar riga.

Rahama, 'yar Malam, ta bi ukun nan sau biyu, ta faɗi sau biyu. Malam ya ce na uku shi ne na ƙarshe, in ta faɗi ta ajiye zancen jinya, kuma kafin nan kada kowa ya tako masa da maganar aure. Shi kansa Muzzammil jiran layin neman aurenta yake.

Ranar kasuwar Kalgo Inna ta aike ta sayen albasa. Ta tsaya gaban wani tuli da takardar tambayoyi a hannu, idanunta sun yi ja. Mai albasar dogo ne, sunansa Haliru, ɗan Wurogauri. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, ya latsa wuyanta, ya sunsuna, ya jefa dama ko hagu.

"Malama, ke kika zo sayen albasa ko takarda ta aiko ki?"

Ta gaji da yawa har ba ta iya ɗaure fuska. Ta fassara masa tambayar: alamomin saukar sukari a jini. Gumi, rawar jiki, yunwa, yawan fitsari, bugun zuciya da sauri.

"Nawa aka ce ki ɗauka?"

"Ba a faɗa ba. Yayana ya ce uku."

"Shi ya cika buhun?" Haliru ya ɗaga albasa guda. "Ni ban san ruɓaɓɓu nawa ke cikin wanga buhu ba. Kowace ita kaɗai nake tambaya. Ba ruwana da ta kusa da ita."

Rahama ta sa yatsa ta rufe sauran, ta bar gumi kaɗai. Gaskiya ko ƙarya? Gaskiya. Haka ta bi su har ƙasa. Huɗu ta samu, yawan fitsari ne kawai ya faɗa hagu. Ta juya bayan takardar inda amsa take. Huɗu ne.

Ta ɗago ta dube shi. Shi ma ita yake kallo, albasar na hannunsa.

Daga nan saƙon waya ya fara tsakaninsu.

"Malamata, buhu nawa kika tsince yau?"

"Tambaya arba'in. Na gaji, Haliru. Kaina kamar an ɗora masa dutse."

"Ki sake karanta abin da aka tambaya kafin ki taɓa amsa. Mai neman albasar ajiya daban, mai neman ta miya daban. Sannan ki ci abinci, zuciyata."

Labari ya kai kunnen Malam ta bakin Muzzammil, da ƙari.

"Mai albasa?" in ji Malam. "Ga ɗan'uwanki masani kin bari?"

Ya ce duk yamma Muzzammil ya zo ya koyar da ita. Ta zauna kan tabarma tana jin Turanci mai wuyar haɗiyewa, tana hamma a cikin hijabi. Wata Asabar ya kai ta Kalgo a motar abokinsa, ya bi ta gaban rumfar albasa a hankali yana danna oda.

Kwana shida Haliru bai rubuto ba. Rana ta bakwai ita ta rubuta.

"Ka gan ni a mota sau ɗaya ka yanke hukunci. Ko albasa kana latsawa kafin ka jefar."

Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidansu kan babur, ya wanke hannu har ya yi fari, amma warin na nan. Ya durƙusa gaban Malam.

"Baba, ban yi karatu mai zurfi ba. Ba kuma zan hana ta nata ba. In ta faɗi, ni zan janye da kaina."

Malam ya dube shi. "Mu ga sakamako."

Ranar jarrabawa a Birnin Kebbi, Rahama ta sa yatsa a jikin allon kwamfuta tana rufe amsoshi. Wata tambayar biyu ta zaɓa. Wata duka biyar ɗin, kuma ba ta koma ta canza ba.

Da sakamako ya fito ta ci, amma ba ta yi ihu ba. Ta miƙa wa Malam wayar, ta shiga ɗaki ta yi barci har azahar.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita Kalgo, Malam ya dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar mutane."

Muzzammil na tsakar gida yana gaya wa mata cewa shi ya koyar da amarya. Sai Ummukulthum, ƙawar Rahama da ta zauna tata jarrabawar a Sakkwato, ta buɗe jaka.

"Yauwa Yaya Muzzammil, ka bar katin jarrabawarka a kujerar gabana ranar da muka zauna ta a Sakkwato. Riƙe shi, tunda ba ka ci ba, za su nemi lambar in ka je sake zama."