Bawon Jan Wake

Yashim maƙaryaci ne, kuma yana sane ya yi ƙaryar. Tare suka karanta aikin gona da Andrawus, tare suka fara ganin Afiniki a kasuwar Kafanchan tana auna jan waken babanta. Andrawus ta yi wa murmushi.

"Malam, wake ka zo saya ko kallo?"

"Duka biyun," in ji shi.

Babanta manomi ne a Fadan Kaje. Waken nan gadon mahaifiyarsa ne, amma ciyawar wuta-wuta tana shanye shi kowace damina. Andrawus ya ce zai haɗa shi da wani farin wake da ciyawar ba ta iya wa. Tsohon ya ce, "Ka ceci waken, ka ɗauki yarinyar."

Fure bayan fure Andrawus ya bi, yana shafa garin furen farin a kan furen jan. Da aka ɓare kwanson, ƙwaya ashirin, duk jajaye!

Yashim, da shi ma yake son Afiniki, ya garzaya wurin tsohon. "Baba, ina farin? Wakenka ya dawo maka da shi."

Tsohon ya hana Andrawus shiga gidan.

Afiniki ta tura saƙo: "Andi na, faɗa mini gaskiya. Ka cuci Baba?"

"A'a, zumata. Jan waken ne uwa, farin ne uba; bawon ƙwayar kuwa jikin uwa ne, dole ya ɗauko launinta. Shi ke shayar da ɗan da ke ciki, har girman ƙwayar da hannunsa. Rabon uba yana can ciki, ido ba ya gani. Yashim ya sani, aji ɗaya muka zauna."

Ba ta tsaya kuka ba. Ta shuka ƙwayoyin a inda ciyawar ta fi muni, layi ɗaya kusa da na babanta.

Bayan mako shida ta shigo gida a guje, ɗankwali a hannu.

"Baba! Zo ka gani! Zo mana!"

Layinsa ya yi rawaya ya kwanta. Nata kore shar, har da fure. Tsohon ya durƙusa, ya daɗe yana shafa ganyen.

"Kira mini yaron nan. Na yi masa laifi."

An ɗaura aure a coci bayan girbi, mata na guɗa, tsohon na cewa, "Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku zuriya mai ƙwari."

Da ƙaryarsa ta fito fili, ƙungiyar manoman da Yashim ke sayar wa iri ta kore shi. Har yau ba mai sayen iri a hannunsa.