Baitin da Aka Cire wa Nining

Ranar da Gilang ya fara ganin Nining, gilashi ne a tsakaninsu. Shi yana zaune gaban na'urar ɗaukar sauti a wani situdiyo na birnin Bandung, ƙasar Indonesiya, ita tana tsaye gaban makirfo da takalmin roba. Waƙar taimako ake ɗauka, saboda zaftarewar ƙasa da ta binne rabin ƙauyen su Nining. An tara taurarin talabijin, kowa da baiti ɗaya. Ita kuwa a gidan shan kofi take waƙa, an kira ta ne don 'yar ƙauyen ce, kuma mahaifiyarta na cikin waɗanda ba a tono ba.

Baitinta kira ne ga uwa, ta fito ruwa ya tsaya. Da ta gama, Gilang ya danna maɓalli.

"Neng, a ƙara ɗaya." Neng ake ce wa budurwa a can.

"Na yi kuskure ne, Aa?" ta ce, wato yaya, yadda ake kiran saurayi.

"A'a. Ni ne nake son in sake ji."

Ta harare shi, amma ta sake. Tun daga ranar kullum sai ya je gidan kofin, ya zauna kusa da sifika kamar mai gadinta. Wata rana ya turo mata saƙo: "Tsuntsuwata, yau na ji muryoyi iri-iri, duk sun gajiyar da ni. Ki kira ni ko zagina ki yi."

Sai waƙa ta fito. Nining ta saurara har ƙarshe, ba ta ji kanta ba. An ba wa Kinanti baitin, tauraruwar wasan talabijin da kowa a situdiyo ya san ko atishawa ta fi waƙarta daɗi. A bidiyon ma ga ta durƙushe gaban kangon gidansu Nining, da farin mayafi, tana kiran uwar da ba tata ba.

"Da hannunka ka cire ni?"

"Furodusa ya ce sunanta ne zai jawo taimako, Neng."

"Da hannunka na ce!"

"Da hannuna."

Shi ne kuma ya sauke kiɗan ƙasa don muryar Kinanti ta kai, ya bi ta gaɓa-gaɓa yana faci. Shi ya sa Kinanti ta liƙe masa, tana ce masa "Gilang ɗina" a gaban kowa.

Nining ta tsani matar nan tsana mai hana cin abinci. Ta rantse sai ta ga ranar kunyarta. Shi kuwa ta so ta tsane shi, zuciya ta ƙi ba ta haɗin kai, abin ya ƙara ƙona mata rai.

Da Gilang ya je neman aure, Abah, mahaifinta, ko shayi bai sa a kawo ba. Sai da Nining ta rame kafin ya sauko.

"Zan ɗaura, don na gaji da ganin ƙasusuwanta. Amma hannuna ba zai taɓa kanka ba, yaro. Wanda ya goge kukan 'yata ba shi da albarkata."

Nining ta san auren da babu albarkar Abah ba zai yi mata daɗi ba. Tana cikin wannan damuwa saƙo ya shigo: "Tsuntsuwata, na gayyaci Kinanti bikinmu. Kar ki yi fushi tukuna. Ki tuna abin da ake yi wa manyan baƙi idan kiɗa ya fara."

Ta karanta, ta yi murmushin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta amsa: "In ta rabu da kai, furodusa zai kore ka fa, Aa."

"Na sani," ya rubuto.

Ranar biki, bayan ɗaurin aure, ango da amarya suka durƙusa gaban Abah. Ya shafa kan Nining. Da aka zo kan Gilang, ya naɗe hannuwansa, ya kalli rumfa. Kowa ya gani.

Kinanti ta iso da masu kyamara, ta zo ganin ƙauyen da ta ceta. Ana cikin cin shinkafa mai gabatarwa ya ɗaga murya: "Jama'a, Teh Kinanti za ta ba amarya gudummawar waƙa! Waƙarmu ta ƙauye!" Teh ko Teteh, wato yaya mace, kiran girmamawa ne.

Babu baƙon da ke ƙin wannan kira, balle kyamara na kallo. Ta hau dandamali tana waige-waige, tana neman Gilang da ido. Yana can kan kujerar ango, hannunsa cikin na matarsa. Tun da safe ya gaya wa mai piyano ya kaɗa waƙar sama, daidai muryar da Nining ta rera ta tun farko.

Kinanti ta buɗe baki. Wani yaro ya toshe kunne. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Wai ita ce ta cikin rediyo?" Da aka zo baitin, muryar ta hau, ta tsage, ta mutu.

Nining ba ta yi saurin tashi ba. Ta bar ta tsaye nan tana zufa, kuma wallahi ta ji daɗinsa har cikin ranta. Sannan ta tattara zaninta, ta hau, ta miƙa hannu.

"Kawo, Teteh. Uwata ce."

Ta rera. Rumfa ta yi tsit, sai shessheƙar mutanen da kowannensu yake da nasa a ƙarƙashin ƙasar nan.

Abah ya miƙe da sandarsa, ya ratsa kujeru har gaban ango.

"Kai ka shirya wannan?"

"Ni ne, Abah. Gobe ba ni da aiki."

"Durƙusa."

Ya ɗora masa hannu a ka.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a masu murya irin tata. Tashi, ɗana, matarka na jira."