Katin Da Magaji Ya Saya Sau Biyu

"Albarka," in ji Gambo, ya mai da ledar da katin kwamfutar ke ciki cikin akwatin gilashinsa kamar ciniki ya mutu.

Magaji Mai Hoto bai motsa daga kan benci ba. Ya san Gambo tun yana tallar batir a tashar motar Yelwa, kafin ya koma bin kasuwannin bakin ruwa yana sayen matattun rediyo da tsofaffin kayan kwamfuta.

"Gambo, ba sabo nake nema ba. Kwamfutata ta biyu ce, tsohuwar da ɗiyata ke gyaran hoton fasfo da ita. Tsohon kati mai araha, in dai zai fito da hoto a allo, ya ishe ni."

"Shi na nuna maka, Baba. Tsoho ne, amma lafiyarshi lau. Ko a Sakkwato ba ka samunai haka."

"To ka kai shi Sakkwaton."

Gambo ya yi dariya, ya sake fito da ledar. Aka ja, aka saki, Magaji ya ɗan ƙara, Gambo ya yi rantsuwar da ya saba cewa faɗuwa ya yi, sannan ya sallama. Sharaɗi ɗaya suka yi: in bai yi aiki ba, a dawo da shi. Magaji bai ko buɗe ledar ba, ya sa a aljihun riga ya tafi.

Shekarun nan ne da kwamfuta ta fara shigowa Yauri, ba a daɗe sosai da yanke Jihar Kebbi ba, kuma duk garin mutum ɗaya ake kira in ta ƙi tashi, wato Haruna. Shi ne ya zo shagon Magaji makon da ya wuce, ya tsaya bakin ƙofar ɗakin baya, ya saurari kukan da tsohuwar kwamfutar ke yi in an kunna ta, ya ce katin hoto ne ya ƙone, a sayo wani. Katin nan wani ɗan faranti ne mai faɗin tafin hannu, da 'yar fanka a jikinsa. In babu shi allo baƙi ƙirin zai tsaya.

Da hantsi Haruna ya zo sa sabon katin. Shamsiyya na tsaye a gefe, ɗiyar marigayi ƙanen Magaji ce, wadda ya ɗauko daga Shanga ya koya mata aiki, ya kuma damƙa mata mabuɗin shago. Haruna ya kafa sukundireba a kusoshin murfin, suka ƙi juyawa. Ya cije leɓe, ya yi gumi, sai da aka aro masa filaya kafin suka saki.

Ya ɗaga murfin, ya leƙa.

"Baba Magaji, babu kati a ciki."

"Ka ce ya ƙone."

"Ba ƙonewa ya yi ba. Cire shi aka yi."

Magaji ya zaro ledar Gambo ya buɗe. Ya juya katin, idonsa ya sauka kan fankar. Kusurwa ɗaya ba maƙalli ke riƙe da ita ba, zaren saƙar koma ne, an yi masa ƙulli irin na masunta. Bara da maƙallin ya karye, shi ya ɗaure ta da hannunsa, yadda mahaifinsa ya koya masa ɗaure ƙugiya a Wara.

"Wannan katina ne," ya ce a hankali. "Na sayi kayana da kuɗina."

Haruna ya ajiye filayar. "To ai sai a tambayi mai mabuɗi."

Shamsiyya ta juya ta dubi Magaji. Magaji bai dube ta ba. Ya san abin da ke gabansa: in ita ce, dole ya karɓi mabuɗin ya mai da ita Shanga wurin innarta, kuma kafin ta sauka daga mota dangi duk sun ji dalili. In kuma ba a gano kowa ba, zargin zai zauna kanta, tunda Haruna ba mai riƙe magana ba ne.

"Kai zan fara tambaya," ya ce wa Haruna. "Don mi ba ka buɗe ba ran nan?"

"Sauri nake. Kuma kukan iri ɗaya ne, ko kati ya mutu ko babu shi."

"Wa ya buɗe ta na ƙarshe?"

"Ni, da azumi. Amma wallahi ban taɓa ɗaure kusa haka ba. Mu juyi kaɗan muke yi, don gobe ma za a buɗe."

Magaji ya yarda da wannan. Da Haruna ne ɓarawon, da shi kaɗai zai nemi ya buɗe, ya sa wani kati ya rufe, ba wanda zai sani. Ba zai tsaya yana zufa a gaban mai kaya yana tona wa kansa asiri ba.

Ya kai katin hancinsa. Akwai wani ƙauri da ya sani. Ya tura fankar da yatsa, ta juya shiru kamar sabuwa. Ya goga farin hankicinsa a gindinta, sai ga ɗan tabo shuɗi-shuɗi.

"Shamsiyya, fankar nan ba ita ce mai ƙara ba?"

"Ita ce, Baba. Kamar injin markaɗe. Har masu jiran hoto kan tambaya."

"Haruna, kuna sa wa fanka mai?"

"Wani lokaci, man keken ɗinki. Fari ne."

Magaji ya ninke hankicin, ya ce kowa ya jira shi, ya koma kasuwa.

Gambo na ganinsa ya ɗaga hannu. "Bai yi ba?"

"Ya yi. Ya daɗe yana yi, a shagona. Ina ka samo shi?"

Fuskar Gambo ta canja. Ya rantse, wannan karon rantsuwar gaske. A kasuwar Wara ya saye shi, ranar kasuwa da ta wuce. Wani ɗan kabu-kabu ne ya miƙo masa a nannaɗe cikin takarda, ya ce saƙo ne aka ba shi ya sayar. Bai san yaron ba, bai tambayi mai saƙon ba.

"Baba, in na san naka ne, kai zan kawo ma? Masu sayen irin wanga a garin ga ba su cika hannu ba."

"Ka sa masa mai?"

"Mai kuma? Ni ko ƙura ban share ba."

Magaji ya bar shi. Gambo mai wayo ne, amma bai taɓa taka ɗakin baya ba, kuma mai wayo ba ya sayar wa mutum kayansa.

Da ya dawo, ya sallami Haruna, ya ja kujera ya zauna gaban Shamsiyya.

"Ɗiyata, ban ce ke ce ba. Hannun da ya ɗaure kusoshin can ba naki ba ne. Amma akwai abin da ba ki faɗa ba. Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, wa ya shiga ɗakin nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Garba ne, mai gyaran janareta. An ɗauke wuta, janareta ya ƙi, kai kuma ka tafi ɗaukar biki Birnin Yauri. Na aika aka kira shi."

"Kina nan yana aiki?"

"Azahar ta yi. Ya ce in je in yi salla, shi zai duba shago. Na shiga gidan maƙwabciyarmu Inna Kande, ta riƙe ni sai na ci abinci." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka hana ni barin shago da baƙo, shi ya sa na yi shiru."

"Garba ba baƙo ba ne," in ji Magaji. "Matsalar ke nan."

Janaretan shagon yana bayan ɗakin, ba a isa gare shi sai an bi ta gaban kwamfutar. Amma janareta ba shi ne babbar sana'ar Garba ba. Injin jirgin ruwa yake gyarawa, kuma kowace ranar kasuwa yana Wara, inda jirage ke taruwa.

Bayan la'asar Magaji ya gangara bakin ruwa. Ya sami Garba a inuwa, ya kwantar da wani inji a kan buhu, hannunsa dumu-dumu. Suka gaisa, suka taɓa hirar ruwan da ya fara ja baya.

"Garba, ɗan aiki na kawo ma. Na sayi tsohon kati wurin Gambo, an ce fankarshi na son mai. Haruna ya ce shi ba ya da shi."

Ya miƙa katin. Garba ya goge hannu a wando ya karɓa. Bai juya shi ya nemi inda ake sa man ba. Farcensa ya tafi kai tsaye kan 'yar takardar da aka manna a tsakiyar fankar, daidai gefen da ya riga ya ɗago, ya ɓare ta. Ɗaya hannun kuma ya kai ga gorar mansa, shuɗin man da ake gauraya wa fetur a injin jirgi.

"Wa ya gaya maka ramin man yana ƙarƙashin takardar?" in ji Magaji.

Hannun Garba ya tsaya.

Magaji ya shimfiɗa hankicin kusa da gorar. Kala ɗaya.

"Bari in gaya maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara mini. Ka sha jin Haruna na cewa katin nan shi ne mai daraja a cikin kwamfutar. Yarinya ta tafi salla, ka buɗe ka zare. Da za ka rufe, ka ɗaure kusoshin yadda kake ɗaure inji don kada ruwa ya girgiɗe shi. Sannan ka juya fankar ka ji tana gurnani. Kai kuwa ba ka iya ganin abu na juyawa a bushe ka ƙyale shi, balle wanda za ka sayar. Ka ɗiga mata man da ke hannunka. Ka kai shi Wara, ka ba ɗan kabu-kabu don kada a ga fuskarka. Abin da ba ka lissafa ba, Gambo ma yana cin kasuwar Wara, kuma wanda aka cire wa kati shi ne zai fara neman kati."

Garba ya ajiye katin. "Baba, ka rufa mini asiri."

"Na yarinyar fa? Haruna ya riga ya nuna ta. Gobe da safe za ka zo shago, ka faɗa da bakinka a gabansa da gabanta. In ka yi haka, ban kai ka ofishin 'yan sanda ba."

Washegari Garba ya zo, ya faɗa, da Haruna da Gambo da Inna Kande duk suna tsaye. Ya mayar wa Magaji kuɗin da ya biya Gambo. Haruna ya soka katin a mazauninsa, allo ya kawo haske.

Garba ya tsira daga ɗauri, amma ya rasa shagon Magaji, kuma kafin wata ya ƙare sauran masu janareta a layin sun koma kiran wani. Haruna ya yi asarar bakin magana na ɗan lokaci. Gambo bai mai da ko kwabo ba, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ribarsa tana aljihunsa. Magaji ya fita ba riba ba faɗuwa, in ban da aikin mako guda da ya tsaya. Wadda ta ci riba ta gaske ita ce Shamsiyya: ba ta koma Shanga ba sai da salla, da tsarabarta, kuma babu wanda ya tarbe ta da wata magana sai sannu da zuwa.